Ninki da saurin hawa: littafin aikin amfilifayata

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Gardamar da muka yi da abokin aikina makon jiya ce ta sa na buɗe wannan littafi.

Aikin da ke gabana ba babba ba ne. Amfilifaya nake son haɗawa wadda za ta karɓi siginar da ƙololuwarta ba ta wuce milibolt 100 ba, ta ninka ta sau 100, ta fitar da bolt 10, tun daga ƙananan firikwensi har kilohaz 20, kuma kada ta rage fiye da rabin desibel (ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina) a can sama. Na ce masa of-amf ɗaya, wato ƙaramar amfilifayar da ke zuwa a haɗe daga masana'anta, ta isa. Ya ce ba ta isa ba, don in ninki ya yi yawa saurin hawan mafita raguwa yake yi. Na ce takardar bayanai lamba ɗaya tak take bayarwa, ba ta jera ta bisa ninki ba. Ya ce shi da idonsa ya gani a osiloskof, na'urar da ke zana siffar sigina a fuskarta. Mutum ne da ba ya faɗin abin da bai gani ba, shi ya sa maganar ta ƙi fita daga raina.

Bari in daidaita kalmomi tun yanzu. Ninki shi ne sau nawa siginar mafita ta fi ta mashiga girma, kuma rizistoci biyu na fidbak, masu mayar da wani kaso na siginar mafita zuwa mashiga, su ne ke yanke shi. Saurin hawa, wanda takardun bayanai ke kira silu ret, shi ne iyakar bolt ɗin da mafita za ta iya hawa ko sauka cikin maikurosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ana rubuta shi V/µs. Faɗin zango kuwa shi ne firikwensin da in an kai shi sigina ke komawa kusan kashi 70 cikin 100 na girman da ya kamata. Akwai kuma lambar da ake kira GBW: raba ta da ninkin da ka zaɓa, abin da ya fito shi ne faɗin zangon da ya rage maka.

Allon gwaji ya haɗu. Wuta bolt +15 da −15, kafasita ta nanofarad 100 a jikin kowace ƙafar wuta, soket mai ƙafa 8, da makunnin zaɓen ninki. Of-amf na da ƙafafun mashiga biyu, ta tarawa (+) da ta ɗebewa (−), kuma sigina ta ƙafar tarawa take shiga. Kilo-om 9.1 da kilo-om 1 suna ba da ninki 10.1, kilo-om 100 da kilo-om 1 suna ba da 101, amma 10 da 100 zan riƙa kiransu.

Da of-amf mai lamba 741 zan fara, da gangan. Tun 1968 David Fullagar ya tsara ta a kamfanin Fairchild, kuma ba ita za ta zauna a aikin ƙarshe ba. Sai dai tafiyarta a hankali ce, 0.5 V/µs da GBW na kusan megahaz 1, saboda haka duk inda ta gaza zai fito fili.

Laraba, 5 ga Maris

Ninki 1. Na ba ta igiya mai kusurwa daga −5 zuwa +5, tsallen bolt 10 ke nan. A mashiga gefen igiyar a tsaye yake cak. A mafita kuwa gangare ne miƙaƙƙe sambal, sai ka ce da rula aka ja shi. Na auna daga kashi 10 zuwa kashi 90 na tsallen: bolt 8 cikin maikurosakan 14 da rabi, kusan 0.55 V/µs. Ta ɗan zarce abin da takarda ta ce, wanda dama matsakaicin ƙiyasi ne.

Daga nan na koma igiyar sayin, wato mai hawa da sauka a lanƙwashe ba kusurwa, mai ƙololuwar bolt 10. A kilohaz 1 lafiya lau. Tsakanin kilohaz 8 da 9 sai cikin igiyar, inda take ratsa sifili, ya fara miƙewa. A kilohaz 20 babu sauran sayin, alwatika ce zalla, kuma ƙololuwarta ta kasa kai bolt 7.

Lissafi ya yarda da ido. Igiyar sayin ta fi gudu a daidai inda take ratsa sifili, kuma gudun nan shi ne 2π sau firikwensi sau ƙololuwa. Bolt 10 a kilohaz 8 na neman 0.5 V/µs. A kilohaz 20 na neman 1.26, fiye da ninki biyu na abin da 741 ke da shi.

Abin lura shi ne a ninki 1 faɗin zangonta kusan megahaz 1 ne, kilohaz 20 bai kai ko'ina ba, amma ga igiya ta lalace. Da na rage ƙololuwa zuwa bolt 1 a wannan firikwensin dai, sayin ta dawo tas. Ke nan girman abin da ake nema a mafita ne ke ta da wannan matsala.

Asabar, 8 ga Maris

Yau ce ranar ainihin gwajin. Dokar da na sa wa kaina: tsallen mafita ya zauna a bolt 10 ko da yaushe, ninki kawai zan canja, in rage mashiga daidai da shi.

Ninki 10, tsallen mashiga bolt 1. Gangaren bai canja ba. Na ɗora hoton yau a kan na Laraba, layi ɗaya suka bi har kusan ƙarshe. A bolt ɗin ƙarshe ne kawai na yau ya lanƙwasa ya kwanta a hankali, maimakon ya tsaya farat ɗaya. Ninki ya ƙaru sau goma, saurin hawa bai motsa ba.

Ninki 100, tsallen mashiga milibolt 100. A nan ne na ga abin da abokina ya gani. Mafita ta ɗauki kusan maikurosakan 38 daga kashi 10 zuwa 90. In ka raba bolt 8 da 38 za ka sami 0.21 V/µs, kuma duk wanda ya tsaya nan zai rantse saurin hawa ya ragu da fiye da rabi. Amma siffar layin ba irin ta Laraba ba ce. Babu miƙaƙƙen gangare. Da gudu ya fara, yana tafiya yana sassautawa, irin lanƙwasar kafasita in ana cika ta ta cikin rizista.

Na yi ta kallonsa, sai dabara ta zo mini: in rage girman sigina in ga abin da zai canja. Na mayar da tsallen mafita bolt 5, lokacin hawa ya zama kusan 36. Na mayar da shi bolt 1, ya zama 35. Lokaci ya ƙi motsi, gangare ne ke raguwa. Na koma ninki 1 na yi haka nan: bolt 10 ya ci maikurosakan 14 da rabi, bolt 5 ya ci kusan 7. A nan gangare ne ya ƙi motsi, lokaci ke raguwa.

Wannan gwaji ya fi duk abin da na yi a makon nan amfani, kuma bai ci minti biyu ba. Rage sigina da rabi. In lokacin hawa ya ragu da rabi, saurin hawa ne ya riƙe ka. In bai canja ba, faɗin zango ne. Shinge biyu ne daban, sai dai a kallon farko kama suke yi.

Lambar 35 ɗin ma ba daga sama ta faɗo ba. Megahaz 1 a raba da 100 ya ba da kilohaz 10, kuma lokacin hawa na irin wannan da'ira kusan 0.35 ne a raba da faɗin zango: maikurosakan 35.

Na tura wa abokina hotunan uku. Ya amsa da cewa to me ya sa aka sami 38 a bolt 10, ba 35 ba? Tambaya ce mai kyau, na rubuta ta a gefe.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban kunna komai ba yau, biro da takarda kawai.

In of-amf ba ta kai iyakarta ba, gangaren farkon lanƙwasar nan shi ne 2π sau faɗin zango sau tsallen mafita. Faɗin zango shi ne GBW a raba da ninki. Tsallen mafita shi ne ninki sau tsallen mashiga. Da na haɗa su, ninki ya fito a sama ya fito a ƙasa, suka cinye juna. Abin da ya rage: 2π sau GBW sau tsallen mashiga. Sau uku na sake lissafin don ban yarda da kaina ba.

Ma'anarsa, gudun da da'ira ke nema a farkon tsalle bai dogara da ninki ba sam, da girman tsallen mashiga ya dogara. Ga 741, raba 0.5 V/µs da 2π sau megahaz 1, za ka sami kusan milibolt 80. Tsallen mashiga da ya wuce haka zai kai ta iyakarta, ko ninki 1 ne ko 1000. Wanda ya gaza haka sosai ba zai kai ta ba.

Sai gwajin jiya ya warware kansa. A ninki 1 tsallen bolt 10 ya nemi kusan 63 V/µs daga abin da ke da 0.5. A ninki 10 ya nemi 6.3. A ninki 100 ya nemi 0.63 kacal, a bakin iyaka. Wato in girman mafita ɗaya ne, ƙara ninki nisanta ka yake yi daga iyakar saurin hawa, ya miƙa ka hannun faɗin zango. Akasin abin da aka faɗa mini ke nan, ko da yake abin da abokina ya gani a fuskar osiloskof gaskiya ne.

Laraba, 12 ga Maris

Milibolt 80 ɗin nan ta dame ni. Daga ina ta fito a cikin aisi, wato ɗan ƙunshin da da'irar of-amf ke ciki? Na buga wa malamina waya, wanda ya koya mini karatun da'irar lantarki.

Bayan gaisuwa na ce, "Malam, ku yi haƙuri na katse muku hutu, wata tambaya ce ta hana ni sukuni." Na karanta masa lambobina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka daɗe kana kallon mafita. Koma ka kalli tsakanin ƙafafu biyun mashiga."

Ga yadda na fahimci bayaninsa. A cikin 741 akwai kafasita ta fikofarad 30, wadda aka sa don kada of-amf ta riƙa karkarwa da kanta in an yi mata fidbak mai ƙarfi. Mafita ba ta motsi sai an cika kafasitar nan ko an zuƙe ta. Mai cika ta kuwa matakin shiga ne, kuma duk karant ɗin da aka ware masa bai wuce kusan maikuro-amfa 20 ba. Famfo ne da bokiti: in ka buɗe famfo iya buɗewa, ruwa a bokiti zai riƙa hawa da gudu ɗaya, komai gaggawarka. Maikuro-amfa 20 a raba da fikofarad 30 ya ba da kusan 0.67 V/µs, kusa da abin da na auna. Rizistocin fidbak suna waje, ba su da hannu a girman famfo ko na bokiti. Dalilin da ya sa ninki bai taɓa saurin hawa ba ke nan.

Mai murɗa famfon shi ne bambancin bolt tsakanin ƙafar tarawa da ta ɗebewa. A lokacin da tsalle ya iso, mafita ba ta riga ta motsa ba, fidbak bai dawo da komai ba, don haka tsallen mashiga gaba ɗayansa ne ke zama tsakanin ƙafafun. Tiransistoci irin na 741 kuwa ƙaramin bambanci ke buɗe su duka, 'yan gomomin milibolt. Kuma ba farat ɗaya suke cika ba, a hankali suke ƙoshi. A milibolt 100 sun riga sun fara gazawa ba su kai ga tsayawa ba. Amsar tambayar abokina ke nan: 38 maimakon 35, famfo ne da ya kusa buɗewa duka.

Wannan ya canja mini tunani game da lambar takarda. Ɓacin sigina ba ya jiran a kai 0.5 V/µs, tun kafin nan yake farawa, ido ne kawai ba ya ganinsa a osiloskof.

Malam ya ƙara da cewa James Solomon na kamfanin National Semiconductor ya fayyace wannan dangantaka a wata maƙala tun 1974: in GBW ɗaya ne, saurin hawa ya dogara ne da yawan bambancin bolt da matakin shiga zai iya ɗauka kafin ya cika. Shi ya sa masu ƙerawa ke saka rizistoci a ƙafafun tiransistocin shiga, kamar a LM318 mai aƙalla 50 V/µs, ko su yi amfani da wani nau'in tiransista da ake kira JFET, kamar a TL072. Na gwada lissafin Lahadi a kanta: 13 V/µs a raba da 2π sau megahaz 3, kusan bolt 0.7. GBW ɗinta sau uku kawai ya fi na 741, amma saurin hawanta sau 26.

Na yi odar TL072 ta intanet. Of-amf biyu ce a jiki ɗaya, ƙafafunta ba irin na 741 ba ne, sai na ƙara soket na biyu a allo.

Lahadi, 16 ga Maris

Sun iso, kuma raina ya ɓaci.

Na sa ta farko a ninki 1, tsallen bolt 10. Abin da ya kamata ya ƙare ƙasa da maikurosakan ɗaya ya ɗauki kusan 30. Ta fi 741 nawa. Na zargi waya, na zargi furob, wato wayar awon osiloskof, na canja soket, na gwada guda huɗu daga cikin fakitin, duk haka. Da na ba ta igiyar sayin da lodin kilo-om 10, sai ga ɗan tsagi a duk inda igiya ke ratsa sifili.

Gwaji na uku ne ya rufe magana. Na cire sigina, na haɗa ƙafar tarawa da layin ƙasa ta rizistar mega-om 1. Mashigar JFET ta gaskiya karant ɗinta gomomin fiko-amfa ne, bai kamata in ga wani abin kirki ba. Mafita ta nuna milibolt 20 da ɗoriya, wato nano-amfa 20 da wani abu ke fita daga ƙafar. Jinkirin, tsagin, da karant ɗin, duka halayen wata of-amf ce daban, LM358, wadda jerin ƙafafunta daidai yake da na TL072. Rubutun da ke bayan aisi ne kawai ya ce TL072.

LM358 ba ta da laifi a wurin da aka yi ta dominsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tunanin mai koyo da zai sa wannan a da'irarsa, ya ga sauti ya ɓaci, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Daga yau duk of-amf da ta shigo hannuna sai ta bi ta gwajin igiya mai kusurwa kafin ta taɓa solda. Na sake oda daga dillali mai izinin kamfani.

Laraba, 19 ga Maris

Ina jira. Na yi amfani da lokacin na yanke yawan rarar da zan bari.

Buƙatata 1.26 V/µs ce. Tunda ɓaci na farawa kafin iyaka, ba zan yarda da abin da bai ninka wannan aƙalla sau biyar ba. Wannan ra'ayina ne, wasu sun fi ni tsanani, wasu sun fi ni sassauci. Masu ƙera amfilifayar sauti sun daɗe suna wannan muhawara, tun da Matti Otala, injiniya ɗan ƙasar Finlan, ya ja hankalinsu a 1970 kan ɓacin da ke faruwa in sigina mai kaifi ta cika matakin shiga kafin fidbak ya dawo. TL072 ta gaskiya za ta ba ni rara sau goma.

Asabar, 22 ga Maris

Na gaskiya sun zo. Ninki 1, tsallen bolt 10, furob a kan ×10: ƙasa da maikurosakan ɗaya, gangaren wajen 12 zuwa 13 V/µs, hawa da sauka sun ɗan bambanta. Alhamdu lillahi.

Sai ninki 100 da of-amf ɗaya, kamar yadda na ce zan yi tun farko. Igiyar sayin a kilohaz 20 ta fito da kyakkyawar siffa, babu alamar alwatika. Amma ƙololuwarta bolt 8 da 'yan kai ce, ba 10 ba. Megahaz 3 a raba da 100 kilohaz 30 ne, kuma a kilohaz 20 lissafi ya ce za a rasa kusan desibel 1.6. Na sa wa kaina rabin desibel. Abokina ya yi daidai da ya ce guda ɗaya ba ta isa ba, dalilin ne ba wanda ya bayar ba. Ko da saurin hawanta ya kai 100 V/µs, wannan ragin na nan.

Akwai abin da ya fi ragin damuna. A kilohaz 20 ninkin of-amf ita kaɗai, ba fidbak, megahaz 3 ne a raba da kilohaz 20, wato 150. In na raba shi da 100, 1.5 ya rage wa fidbak ya yi gyara da shi. Kusan babu mai gyara ke nan.

Na raba aikin gida biyu, ninki 10 sau ninki 10, dama biyu ne a jikin aisi. Kowane mataki na da kilohaz 300, in an jera su kusan kilohaz 190. Fidbak na kowanne ya sami 15 maimakon 1.5. A kilohaz 20 mafita ta tsaya a bolt 10 da ɗan ɗori, don ninkin gaskiya 102 ne.

Rabon ya nuna mini wani abu. Matakin farko bolt 1 kawai yake fitarwa, 0.126 V/µs yake buƙata, ko 741 za ta iya wannan gudun. Nauyin saurin hawa duka a kan mataki na biyu yake, alhali ninkinsu ɗaya. Kuma bambancin da ke tsakanin ƙafafun mashigar na biyun shi ne mafita a raba da 150, kusan milibolt 67, ko wane ninki na zaɓa masa. Kashi ɗaya cikin goma na bolt 0.7 ɗin nan. A 741 lissafin zai ba da milibolt 200, nesa da 80, wanda shi ne alwatikar da na gani ranar 5 ga wata.

Asabar, 29 ga Maris

Amfilifayar tana aiki, amma ban so in rufe tambayar da rabin amsa ba. Malam ya ce mini akwai inda ninki da saurin hawa suke da alaƙa ta gaske, in nemi NE5534 in gani.

Ita wannan ba a cika mata kafasitar ciki ba. An bar ƙafa ta 5 da ta 8 don ka ƙara taka. In ba ka ƙara komai ba tana zaune lafiya daga ninki 3 zuwa sama, da 13 V/µs. In kana son ninki 1 sai ka sa fikofarad 22, saurin ya sauko zuwa kusan 6.

Na sa ta a soket na farko, ninki 10, tsallen mafita bolt 10. Babu kafasita: wajen 12 V/µs. Na maƙala fikofarad 22 ban taɓa ninki ba: wajen 6. Na cire, ya dawo. Sannan na juya makunni zuwa ninki 1 babu kafasita, nan take layin osiloskof ya yi kauri, karkarwa ta megahaz da yawa ta cika fuskar. Na sa kafasita ta lafa.

To ga alaƙar. Ninki ba ya ƙara saurin hawa da kansa. Abin da yake yi shi ne raunana fidbak, kuma in fidbak ya yi rauni of-amf ba ta buƙatar babbar kafasita kafin ta zauna lafiya. Ƙaramin bokiti, famfo ɗaya, cika da sauri. Izini ninki ke bayarwa, kai ne za ka yi amfani da shi. OP27 da OP37 misali ne da aka riga aka yanke a masana'anta: ta farko tana ɗaukar ninki 1, da 2.8 V/µs da megahaz 8, ta biyu sai ninki 5 zuwa sama, da 17 V/µs da megahaz 63. A ganina wanda ke aiki a ninki 10 ko fiye, in ya zaɓi mai ɗaukar ninki 1 ba tare da dalili ba, yana biyan kuɗin kwanciyar hankalin da ba ya buƙata da gudun da yake buƙata.

Wani tarko da na faɗa ciki: a ninki 1 da kafasita, farkon tsallen ya fito a tsaye, ya fi ƙarfin abin da aisi za ta iya. NE5534 na da dayod biyu tsakanin ƙafafun mashigarta don kariya. Babban tsalle na buɗe su, sigina ta bi ta cikinsu ta faɗa mafita kai tsaye ta wayar fidbak. Da na maye gurbin wayar da kilo-om 1 sai gangaren gaskiya ya bayyana. Ba don haka ba da na rubuta lambar ƙarya.

Laraba, 2 ga Afrilu

Abubuwa biyu kafin solda.

Na farko, mafita. Doguwar waya kafasita ce, kuma karant ɗin cika ta shi ne girmanta sau gangare. Nanofarad 1 a 13 V/µs na neman mili-amfa 13. Nanofarad 10 ko a 1.26 V/µs na neman kusan haka. Wato akwai shinge na uku da ba ruwansa da matakin shiga, ƙarfin ƙafar mafita ne. Da na rataya nanofarad 1 kai tsaye, gefen igiya ya yi ta rawa kafin ya kwanta. Om 100 a jere da mafita, a wajen zagayen fidbak, ya kwantar da shi.

Na biyu, mashiga. Tunda tsalle mai kaifi ne ke cika matakin shiga, gara a dasashe shi tun a ƙofa. Kilo-om 1 da nanofarad 2.2 suna yanke sama da kilohaz 72. Mafi munin hali shi ne mafita ta tashi daga −10 zuwa +10, bolt 20, kuma da wannan matata gangaren ba zai wuce kusan 9 V/µs ba, ƙasa da 13. Abin da zan rasa a kilohaz 20 kusan desibel 0.3 ne, in an haɗa da na matakan biyu bai kai 0.4 ba. Nanofarad 1.5 za ta rage asarar zuwa rabi, amma lissafinta ya kai wajen 13 V/µs, ba rara. Na zaɓi 2.2. Janaretan siginata na da om 50 nasa, ya ɗan sauko da firikwensin yankewa, na sa shi a lissafi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na kwashe da'irar daga allon gwaji na like ta da solda. Tsallen bolt 20 a mafita ya fito a lanƙwashe tun daga farko, babu miƙaƙƙen gangare. Na rage sigina da rabi, lokacin hawa ya zauna wajen maikurosakan 5 bai motsa ba. A kilohaz 20 ragin yana cikin rabin desibel.

Abokina ya zo ya maimaita gwajin rage rabi da hannunsa a kan 741, ya ɗauki hotuna, ya kuma ari NE5534 ɗin.

Saura auna ɓaci da lamba, don osiloskof ba ya nuna ƙasa da 'yan kashi cikin ɗari; zan gwada da katin sauti na kwamfuta da rizistocin rage sigina a gabansa. Sai kuma hayaniya: NE5532 na shiga soket ɗaya da TL072, 9 V/µs gare ta, ƙasa da 13, amma GBW ɗinta megahaz 10 ne kuma ta fi shiru. Rararta sau bakwai ce, ta wuce biyar ɗin da na sa. In na canja zuwa ita sai na sake lissafin matatar mashiga, don 9 da 9 sun yi kai ɗaya; nanofarad 2.7 zan fara gwadawa ranar Talata.